Tumatir Ɗin da Malam Garba Ya Warkar

Duk unguwar Fadikpe babu wanda bai san hannun Malam Garba ba. Tun da ya yi ritaya daga reluwe ya dawo gida ya zauna, ba shi da aiki sai shuka. Tsakar gidansa gwanda ce da lemo da zogale, bayan gida kuma ɗan lambu ne kusa da rijiya. Mutane kan ce ko tsinken sakace ya soka a ƙasa sai ya yi ganye. Shi kuwa ba ya musantawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na Allah ne," da irin muryar da ke nuna lallai na Allah ne, amma ta hannunsa aka biyo.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai 'yar haya, Elizabet, 'yar mutanen Kudancin Kaduna. Tana aiki a wata cibiyar binciken noma a bayan gari, tana kuma karatun zama dakta a fannin shinkafa. Yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce Malam Garba sai ta rusuna, kuma ita da matarsa Jummai kamar uwa da 'ya suke.

Wata rana da la'asar, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Elizabet ta fito, aka yi ta sauke bokitan roba ana jerawa a gindin katanga. Injin ruwan cibiyarsu ne ya lalace, shi ya sa ta kwaso su zuwa inda akwai rijiya. Malam Garba ya zo ya tsaya a kansu. Tumatir ne a ciki, amma tumatir da ko akuya ta gani sai ta yi masa sannu. Ganye ya yi ɗorawa, kara ya tsumbure, kowanne ya langaɓe kamar wanda zazzaɓi ya kwana a jikinsa.

"'Yata, wa ya yi miki wannan mugunta?"

"Ni ce, Baba," in ji Elizabet tana dariya. "Ai ba tumatir nake shukawa ba. Tsutsa nake kiwo."

Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta ce akwai wata tsutsa ƙarama da ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, ta hana shuka shan ruwa, kuma ita ce ke kassara shinkafar tudu. Jar shinkafa ta gargajiya ba ta barin tsutsar ta zauna mata, sai dai ba ta da auki. Farar shinkafa ta zamani tana da auki, amma tsutsar na ganinta ta ga tuwo. To a cibiyarsu sun haɗa su aure, yanzu ga jikoki gida-gida, kuma an riga an ɗebi ganyen kowane gida an karanta alamomin gadonsa. Abin da ya rage shi ne a shuka su, a zuba wa kowanne tsutsa, a ga wanda ya hana ta shiga, da wanda ya bar ta ta shiga amma ya daure ya ba da hatsi, da wanda ya faɗi warwas. Idan aka gwada wannan da alamomin, sai a gane daidai inda ƙarfin yake zaune a cikin gado, a zana taswirarsa, masu fitar da sabon iri su huta da lalube.

"Tumatir ɗin nan shi ne garkena, Baba. Tsutsar na son saiwarsa, a ciki take hayayyafa. Kuma ɗakin ragar cibiyarmu da zan yi gwajin shinkafar a ciki, nawa ne zuwa faɗuwar damina kawai, daga nan wani za a ba. Idan na rasa wannan rani, lokacin karatuna ya ƙare ban gama ba."

Malam Garba ya saurara da kyau, babu kalmar da ta wuce shi. Sai dai shi mutum ne da ya san zaman duniya. Ya san baƙon da ya ce ya ƙoshi shi ake ƙara wa tuwo. Ya san idan mutum ya ce kada ka wahalar da kanka, to ka tashi tsaye ke nan. Ga yarinya ta yi boko har ta gaji, tumatir ya gagare ta, kunya ta hana ta faɗa, ta zauna ta ƙirƙiro wannan dogon labari har da auren shinkafa. Tausayinta ya kama shi ƙwarai.

Da za ta tafi Kafanchan hutun Kirsimeti da bikin ƙanwarta, ta durƙusa ta yi masa sallama. "Ruwa kawai, Baba. Don Allah kada ka wahalar da kanka."

"Je ki, kada ki damu," in ji shi. Shi a wurinsa ta gama roƙo.

Duk da haka ya daure na 'yan kwanaki, saboda Jummai ta kafa masa ido. "Malam, ruwa aka ce. Na ji da kunnena." Ya kan zuba ruwan yana kau da kai. Abin da ya karya masa haƙuri Gimba ne. Gimba Bagwari ne mai lambu a bakin rafi, kuma shi da Malam Garba sun fi shekara ashirin suna gasar da babu wanda ya taɓa kiranta gasa. Ya zo wucewa da safe ya tarar da ƙofar zaure a buɗe, ya leƙa, ya ga bokitan, ya daɗe yana kallo.

"Garba, wannan naka ne?"

"Na baƙuwa ne."

"To," in ji Gimba. "A gidanka dai." Ya wuce yana fito.

Ranar Malam Garba bai ci abincin rana ba. Ya jira Jummai ta tafi gidan suna a Tudun Wada, ya naɗe hannun riga. Ya tumɓuke tumatir ɗin duka, ya ga saiwar ta yi ƙulli kamar carbi, ya yi salati, ya tara su da karan dawa ya cinna wuta. Ƙasar ma ya juye ta a kan garwashin ya gasa, ya wanke bokitan da tafasasshen ruwa da sabulu. Sa'an nan ya haɗa sabuwar ƙasa da toka da kashin kaji da dakakken ganyen dogon yaro, ya ɗebo dashe daga cikin nasa irin da ba ya ba kowa, ya dasa a kowane bokiti. Ya yi aiki tsakaninsa da Allah, har da su sanda don kara ya jingina.

Jummai ta dawo ta ga hayaƙi, ta ga bokitai, ta ajiye ƙullin goron suna a hankali. "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," ta ce, ta shige ɗaki.

Kafin Elizabet ta dawo bayan sabuwar shekara, gindin katangar ya zama kore shar. Malam Garba ya sa hularsa ta Juma'a ya zauna kusa da su, wai iska yake sha. Ta shigo da jaka da ƙullin doya, ta gaishe shi, ta juya. Sai ta tsaya cak.

"Baba, ina tumatir ɗina?"

"Ga su nan. Sun warke."

Ta ajiye doyar. Ta je ta kama ɗaya ta tumɓuke, Malam Garba ya runtse ido kamar haƙorinsa aka cire. Saiwar ta fito fara tas, sumul, babu ko ƙulli ɗaya. Ta tumɓuke na biyu, haka. Ta tambayi ina tsohuwar ƙasar, ya nuna mata tokar da alfahari yana raguwa a yatsarsa. Sai Elizabet ta zauna a ƙasa daɓas, da kayanta na tafiya, ta rufe fuska. Ba ta yi ihu ba, kafaɗunta kawai ke rawa.

A nan ne ya gane cewa yarinyar nan gaskiya ta faɗa tun farko. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji Jummai daga bakin murhu.

"'Yata," ya ce da ƙaramar murya, "ita wannan tsutsa, ba a samunta a kasuwa?"

Elizabet ta share ido. Ta ce a lambun da ya lalace ake samunta. Amma sai ta duba ta a madubin ƙara girma ta tabbatar irin wadda take nema ce, sa'an nan ta sake kiwonta wajen wata biyu. Idan aka samu cikin makon nan, da ƙyar za ta sha. Idan aka wuce, shi ke nan.

Washegari Malam Garba ya hau kekensa ya nufi lambunan bakin kogin Chanchaga. A ransa aikin mai sauƙi ne, tunda lambun da ya lalace ba ya ɓuya. Abin da ya manta shi ne, manomi ba ya cewa gonarsa ba lafiya, ballantana a gaban Malam Garba.

"Sannu da aiki. Yaya tumatir bana?"

"Alhamdulillahi."

"Babu wanda ya ɗan yi rawaya? Ya tsumbure haka?"

"Lafiya lau suke."

"Wancan na bayanka fa?"

Mai lambun ya matsa ya kare shi da jikinsa. "Wannan barci yake yi."

Haka ya yi ta zagaye har azahar. Duk inda ya je, lafiya lau. Ya ga kuɓewa da ta mutu a tsaye, mai ita ya rantse masa cewa haka irinta yake. Da ya ga roƙo ba zai yi ba, sai ya faki ido a wani lambu, ya tsuguna a gindin wani tumatir da ya ji jiki, ya fara kwasar ƙasa da saiwa yana zubawa a leda. To kowa ya san mai ɗibar ƙasar gonar wani a ɓoye ba alheri ya kawo shi ba. Wata mata mai ban ruwa ta hango shi ta kwarma ihu. Kafin ya ce kimiyya ce, maza sun fito da fartanya. Malam Garba, mai shekara sittin da ɗoriya, ya hau keke da gudun da bai san yana da shi ba, ya bar musu ledar da takalmi ƙafa ɗaya.

Labari ya riga shi isa Fadikpe. Kafin magariba an gama yanke hukunci a teburin mai shayi cewa ashe sirrin hannun nan ke nan, albarkar gonakin mutane yake kwashewa a leda.

Jummai ta gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ta bari ya gama nishi, sa'an nan ta ce, "Malam, kai ma ka san inda abin nan yake. Duk shekara ƙasan lambun Gimba sai ya ƙone."

"Gara in koma Chanchaga."

"Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Gimba ya fi ni tsawo."

"To ka huta da durƙuso ke nan. Yarinyar nan tun jiya ko shayi ba ta sha ba."

Wannan maganar ce ta tashe shi. Da safe ya sami Gimba a wurin mai shayi, benci cike da mutane. Ya so ya ja shi gefe, Gimba ya ce ƙafarsa na ciwo, a faɗi a nan. Malam Garba ya yi bayanin tsutsa da shinkafa da jikoki, yana yi yana jin yadda maganar ke fita kamar ta mai taɓin hankali. Gimba ya kurɓi shayi.

"Wato kana cewa lambuna yana da ciwo."

"Ban ce ba."

"To ba ni da abin da kake nema."

Malam Garba ya lura cewa hanya ɗaya ce ta rage. "Gimba, akwai abin da ke lambunka wanda babu a nawa. Na nema har Chanchaga ban samu ba. Na zo roƙo."

"Ban ji ba. Mota ya wuce."

Babu motar da ta wuce. Malam Garba ya maimaita da ƙarfi, har mai shayi ya tsaya da juya madara. Gimba ya miƙe ya gyara wando, ciwon ƙafa ya warke nan take, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar kowa ya zama shaida.

Da hantsi suka tafi lambun su uku. Elizabet ta tumɓuke wani tumatir a ƙasan fadamar, saiwar ta fito duk ƙulli, mummuna kamar ƙafar kaza. Ta yi tsalle ta yi guɗa. "Baba Gimba! Kai, wannan ai dukiya ce!" Gimba, wanda ya yi shekaru yana ɓoye wannan kusurwa da zana, ya ɗaga ƙirji.

"Ai na daɗe ina kiwon shi," ya ce. "Tsutsana ba irin na kowa ba ne. Ka tambayi Garba, shi ko ɗaya ba shi da shi."

Ta kai saiwar cibiya ta duba, ta dawo da yamma fuskarta a sake, irin wadda take nema ce. Malam Garba ya ce alhamdulillahi, yana zaton an gama da shi. Sai ya ga ta tsaya tana kallon bokitan nan kore shar, tana murza yatsu.

"Baba, tsutsar na bukatar gida. Kuma ban taɓa ganin tumatir mai ƙoshin saiwa kamar waɗannan ba. Sai dai a sake musu ƙasa, a cire dogon yaron."

Da hannunsa ya sake musu ƙasar. Da idonsa ya ga ta tona ƙananan ramuka a gindin kowanne ta zuba ƙwan tsutsar. Daga ranar aikinsa ya zama ban ruwa safe da yamma, da kallon 'ya'yan irinsa suna lalacewa a hankali. Ganye ya fara rawaya daga ƙasa. Kara ya daina tsawo. Wani lokaci Jummai kan kama shi tsaye a kansu da toka a tafin hannu, sai ta yi gyaran murya, ya juya ya watsa wa gwanda.

Maƙwabta suka fara shigowa yi masa jaje. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce ai tun da aka ƙwace ledar nan hannun ya mutu. Malam Garba ya ce musu, "Ba tumatir muke shukawa ba, tsutsa muke kiwo." Suka gyaɗa kai cikin tausayi, wani tsoho har ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ji kunya, yana faruwa da kowa. Gimba kuwa kullum sai ya biyo ya leƙa ya tambayi yaya yaransa, ko suna cin abinci.

Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarami ba. Sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya zube a gindin katangarsa, kuma shi ne mai zuba masa ruwa. Amma duk safiya yana jin Elizabet na waƙar coci a ɗakinta tana shirin fita aiki, sai ya ɗauki garwa ya nufi rijiya.

Da lokaci ya yi aka kwashe bokitan, an gyara injin ruwan cibiya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata Asabar Elizabet ta ce lallai sai ya zo ya ga inda wahalarsa ta tafi, ta ɗauko masa ɗan acaɓa.

Ɗakin ragar dogo ne, da zafi kamar gidan burodi. Tukwanen shinkafa ne jere reras daga wannan bango zuwa wancan. Wasu sun yi kore sun miƙe kamar ba abin da ya same su. Wasu sun ɗan rame amma suna tsaye. Wasu kuwa sun yi rawaya sun kwanta. Malam Garba ya ji yatsunsa na ƙaiƙayi, sai ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Kin sha ke nan?"

"Na sha, Baba. Da kwana kaɗan, amma na sha. Mako mai zuwa zan fara tumɓukewa ina duba saiwa."

"Waɗannan korayen su ne naki."

"Duka nawa ne. Da ba don waɗanda suka kwanta ba, ba zan san abin da korayen suke da shi ba."

Ya bi layin a hankali har ya zo kan wata tukunya a ƙarshe. Shinkafar cikinta ta fi kowacce jin jiki, ganye uku ne suka rage mata, su ma bakinsu ya bushe. Ya tsuguna a gabanta yadda ake tsugunawa a gaban majinyaci.

"Sannu," ya ce mata. "Sannu. Allah ya ba ki..."

Sai ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Elizabet, ta girgiza masa kai tana danne dariya, idonta kuwa ya ciko. Ya mayar da kallonsa kan shinkafar, ya daɗe yana neman addu'ar da ba za ta ɓata wa yarinyar aiki ba.

"Allah ya ba ki lada," ya ce.